Wa Zai Duba wa Na'ura Wata

Akwai maganar da take yawo a gidan nan wadda nake son in gyara tun idona yana iya bin layin takarda. Ana cewa ni na tsayar da Sadiƙu, na hana shi aikin da wani kamfani na ƙasar waje ya kira shi. Uwarku ce ta fara faɗa da wasa, ku kuka ɗauka da gaske, har ran nan na ji jikata tana ba ƙawarta labarin a zaure kamar a gabanta aka yi. To ban hana shi ba. Tambaya na yi masa, kuma zan faɗi yadda aka yi da abin da tambayar ta ci.

Kun san ni tela ne, kuma bokona bai wuce firamare ba. Abin da ƙila ba ku sani ba shi ne, yawan damuwar nan da kuke yi mini dariya a kanta ba tsufa ne ya kawo ta ba. Da ita aka haife ni. Tun ina koyon ɗinki a Shinkafi, in na auna mutum ya fita, sai zuciyata ta ce anya na auna wuyan kuwa, in bi shi har bakin kasuwa da tef a kafaɗa. Da na buɗe shagona a Kaura, kusa da tsohuwar tashar jirgi, ban taɓa kulle ƙofa na tafi ban dawo na girgiza kwaɗon ba. Kuma babu lokacin da wannan hali yake cina kamar ƙarshen azumi. Tela ba shi da ranar tsoro kamar ashirin da tara ga wata. In an ga wata, gobe Sallah, duk wanda ba ka gama wa kaya ba a ƙofarka zai tare. In ba a gani ba, ka samu yini guda kyauta. Na san telolin da suke roƙon Allah Ya haɗo hadari a ran nan. Ni kuwa nakan gama komai kamar watan ba zai cika talatin ba, in rufe shago kafin magariba, in bi masu duban wata zuwa bayan gari inda layin dogo ya ƙare, don ban yarda in ji a bakin wani kaɗai ba.

Sadiƙu shi ne autanmu, shi ya sa har yau Auta muke ce masa. Da ya gama jami'a bai nemi ofis ba. Ya dawo gida, ya kafa sola a kan rufin shago, ya share ɗan ɗakin baya da nake tara ƙyallaye, ya zauna gaban kwamfuta. Safe da yamma yana nan, wani lokaci in ji shi yana Turanci da mutanen da ba na gani. Ɗan'ige, mai kabu-kabun da yake tsayawa a ƙofar shagona yana jiran fasinjan Kasuwar Daji, shi ya fara sa mini wasi-wasi.

"Malam Haruna, yaron ga naka dai ba cikin masu kwashe ma mutane asusu yake ba ko? Don in sani in maida nawa cikin tukunya."

Na yi dariya tare da shi, amma ran nan tuwo bai wuce mini ba. Washegari bayan la'asar na tura ƙofar ɗakin na tsaya a kansa.

"Auta, don Allah mi kake yi cikin abin ga? In haram ne ka gaya mani tun da wuri in san inda zan sa kaina."

Ya jawo mini kujera yana murmushi. Ya ce duk abin da waya take yi, ko na'urar cire kuɗi, ko famfon sola, wani ne ya rubuta mata umarni, kuma akwai harsuna na musamman da ake rubuta umarnin da su. Sai dai na'ura ba ta jin harshen kai tsaye. Dole rubutun ya bi ta hannun wata manhaja da take juya shi zuwa abin da na'urar take ganewa. Su suna ce mata kwamfaila. Ni na ce ashe tafinta ce, kuma sunan da ya zauna mata ke nan a gidanmu.

"Ka tuna ran da ka sayo keken ɗinkin nan, Baba? Ba da ɗan akwati ya zo ba, mai allurai da ƙoshiya da kwalbar mai?"

"Da shi ya zo. Yana nan ma."

"To harshen ma haka yake. Yana da akwatin kayan aikinsa, duk wanda ya ɗauke shi a duniya zai tarar da kayan a ciki, ba sai ya ƙera nasa ba. Akwai na lissafi, akwai na agogo, akwai na kalanda. Amma kalandar ta watannin boko ce kaɗai. Ni ta watanninmu nake son a sa."

Ya ce akwai kwamiti na mutanen ƙasashe daban-daban da yake yanke abin da zai shiga akwatin, kuma ya shafe shekaru yana kai musu suna maido masa da gyara, har suka yarda. Na ɗaga hannu na ce alhamdu lillahi, ashe an gama. Ya ce ko kusa. Kwamiti takarda kawai yake fitarwa, kamar in zana riga da alli a kan yadi. Masu ɗinkawa daban suke. Kamfanoni uku ne suke ƙera tafinta, kuma sai kowannensu ya yarda ya sa abin a cikin tasa. In ɗaya ya ƙi, babu mai ƙarfin halin amfani da kalandar, domin aikinsa zai tashi a wannan na'ura ya mutu a waccan. Biyu sun ce za su fara. Na ukun yana dubawa, kuma shi ne mai nauyi, don tafintarsa ce a cikin ƙananan na'urori masu araha irin waɗanda suka cika kasuwanninmu. Kamfanin nan na uku ma ya ce in abin ya shiga, za su ɗauki Auta aiki ya riƙa kula da shi.

"To kwamitin ba shi iya tilasta su?"

"Ba mai tilasta kowa, Baba. Lallashi ne."

Wannan ya ɗaure mini kai ƙwarai, doka babu ɗan sanda. Daga ran nan na zama ɗan zaman ɗakin. In ɗinki ya yi sauƙi sai in ɗauki rigunan da zan sa wa maɓalli in shiga, ina yi ina tambaya. Wa yake biyan kwamitin? In kamfani ya ce ya sa, ta yaya ake sanin bai yi ha'inci ba? Ya nuna mini cewa akwai jarrabawa, tambayoyi masu yawa da ake yi wa tafinta, in ta amsa daidai layin ya yi kore, in ta kuskure ya yi ja. Na ga layukan kore suna saukowa kamar ruwan sama, abin ya ba ni sha'awa. Ana cikin haka ne wata rana ya nuna mini kalandar tasa tana jera ranar Sallah ta bana da ta baɗi da ta shekaru masu zuwa, har waɗanda na san ba zan gani ba. Na ajiye allura.

"To wa zai duba mata wata?"

"Lissafi ne, Baba. An san tafiyar wata."

"Jangeru fa, garin gwaggonka? Gwaggonka Hansatu, dangin mijinta rabi suna tsallaken iyaka cikin Nijar. Wata shekara su yi Sallah yau, mu yi gobe, ta ci tuwon Sallah sau biyu. Sama guda ce bisa kansu. In na'urar ga tana hannun Hansatu, wace rana za ta ce mata?"

Allah shi ne shaidata, ba karatu nake koya masa ba. So nake in sani, kamar yadda nake son sanin yadda layin yake zama kore. Na zaci zai danna wani wuri ya nuna mini amsa. Sai ya ɗauke hannu daga kan kwamfutar.

"Na san da wannan," in ji shi. "Duk mai aikin nan ya san da shi. Rufe ido muka yi, don yana da wuya."

Na tashi na koma kan kekena. Bayan 'yan makonni ya gaya mini ya koma wa kwamiti da ƙari kafin su rufe takardar. Ya buɗe wa kalandar wata ƙofa, inda mutanen kowace ƙasa za su iya shigar da ranar da aka tabbatar musu an ga wata, na'ura ta bi wannan ta bar lissafi. Kwamiti ya karɓa. Kamfani na farko ya ce babu damuwa. Na biyu ya ce sai ya ga abin da na uku zai yi. Na uku ya ce a'a.

Wadda take magana da yawun na ukun wata injiniya ce, dattijuwa mai furfura da tabarau. Sunanta ya fi ƙarfin harshena, a gida Matar Kamfani muke ce mata. Ran da suka yi magana ta bidiyo ina zaune a bayansa da maɓallaina. Turancina bai kai in bi su ba, amma na ga ba faɗa take yi ba. Tana magana a hankali, tana cire tabarau tana murza ido. Da suka gama ya juyo ransa a ɓace ya fassara mini. Ta ce duk abin da suka sa a tafintarsu sun ɗauke shi ke nan har abada, don mutane za su gina ayyuka a kansa, ba a iya cirewa. Ta ce jarrabawarsu tana bukatar amsar da aka sani tun yau, to ta yaya za a jarraba abin da amsarsa take jiran idon mutum? Kuma ta tambaye shi, in babu wanda ya shigar da ranar ganin wata, na'urar me za ta ce? Ya ce mata sai ta koma lissafi. Ta ce, ba tare da ta gaya wa mai tambaya ba? Ke nan mutum zai karɓi rana bai san ko gani ba ce ko ƙiyasi.

"Ai tana da gaskiya," na ce.

"Baba, kai ne fa ka jawo maganar ƙofar."

"Ni ne. Amma tana da gaskiya. Matar ga irina ce, Auta. Ka duba ta da kyau, wannan ko ta kulle ƙofa sai ta dawo ta taɓa kwaɗo."

Da labari ya kai cikin gida uwarku ta tafa hannu.

"Malam ya samu 'yar uwa a Turai. Sai ku haɗu ku biyu ku hana duniya barci."

Na yi ta tunanin matar nan kwana da kwanaki. Ina son in san ko a garinsu ana ganin jinjirin wata, ko ta taɓa ɗaga kai ta nema. Ina mamakin yadda mutum zai zauna can wata uwa duniya yana fargabar kada 'yar kasuwar Zurmi ta karanta rana ba daidai ba. Ban ji haushinta ba ko kaɗan. Amma ita ce ta aiko da zaɓin da ya raba mana hankali. Ta ce suna gab da fitar da sabuwar tafinta. In ya yarda a bar ƙofar a waje, za su sa kalandar lissafi yanzu, kamfani na biyu zai biyo baya, kuma aikin da suka yi masa alkawari yana nan. In ya nace sai da ƙofa, to ya jira zagaye na gaba, wanda shekaru ne, kuma ba ta yi alkawarin kujerar za ta jira shi ba.

Wannan ya zo daidai da ƙarshen Sha'aban. Ran ashirin da tara na rufe shago zan tafi duban wata, sai na ga ya sa takalmi ya biyo ni, abin da rabonsa da yi tun yana ƙarami. Muka tsaya a bakin tsohon dogo tare da sauran mutane, kowa ya sa hannu a goshi yana kallon inda rana ta faɗi. Bai kalli sama ba, ni yake kallo.

"Baba, in cire?"

Ku da kuke cewa na hana shi, ku ji abin da na ce, don ban ƙara ko kalma ba.

"Auta, ban san aikinka ba, kuma ba ni zan zauna babu aiki ba. In ka cire ba zan yi fushi ba, albarkata tana tare da kai. Abu guda ne ba ni iyawa. Kada ka ce in ce maka babu komai, don in na faɗa ƙarya na yi."

Ya gyaɗa kai. Ba mu ga wata ba a ran nan, muka dawo. A gida na maimaita wa uwarku abin da na ce, don in ji ko na yi kuskure. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"To ai ka hana shi ke nan, Malam."

"Ban hana shi ba. Cewa na yi ya zaɓa."

"Yaron da tun yana rarrafe yake duban fuskarka kafin ya taɓa abu? Da ka ce mashi kada ya cire, da ya samu abin yi ma gardama."

Har yau ina juya wannan magana tata, kuma ban gama da ita ba. Abin da na sani shi ne ya rubuta wa Matar Kamfani cewa zai jira. Tafintarsu ta fita babu kalandarsa. Kamfani na biyu ya janye hannu. Kujerar aka ba wani. Na ga abin da hakan ya yi masa, ba wanda ya ba ni labari. Ya kafa ɗan tebur a gaban shagona yana gyaran waya da safe, mutumin da kwamitin duniya ya karɓi aikinsa, Ɗan'ige yana miƙo masa waya mai fasasshen gilashi yana ce masa injiniya a yi mini sauƙi. Maganar aurensa da ake yi a Shinkafi aka ɗaga, don iyayen yarinya sun ce a bari ya tsaya da ƙafarsa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma ya daina jawo mini kujera. In na leƙa da maɓallaina sai ya ce, Baba, yau aiki ya yi yawa. Wannan ya fi mini ciwo fiye da duk abin da mutane suka faɗa, don tambayoyi suna cikina babu inda zan kai su.

Ashe a cikin shirun nan tambayoyin matar yake bi ɗaya bayan ɗaya. Sai da aka yi azumi biyu kafin ya kira ni da kansa. Ya ce yanzu kalandar ba rana kaɗai take bayarwa ba, sai ta faɗi inda ta samo ta. In gani ne ta ce gani ne, kuma na wace ƙasa. In lissafi ne ta ce lissafi ne. In kuwa an tambaye ta ranar da take jiran wata, aka ce ba a son ƙiyasi, sai ta ce ba a sani ba tukuna. Wannan kuwa ana iya jarraba shi, domin cewa ba a sani ba ita ma amsa ce da aka sani tun yau. Ya ce matar ba ta sake shi ba duk tsawon lokacin. Ita take tono masa ramuka, shi yana cikewa. Masu rubuta manhaja na wasu ƙasashen Musulmi su ma suka shiga rubuta wa kamfanin suna tambayar yaushe. A zagaye na gaba ta sa hannu, kamfani na biyu ya biyo ta. Ya nuna mini layukan jarrabawar kamfanoni ukun, kore daga sama har ƙasa. Aikin dai bai dawo ba. Ya samu wasu daga baya, yana yi daga nan Kaura, an yi auren, ga 'ya'yansa kuna gani. Shin da ya cire ƙofar, da ya fi haka samu? Ban sani ba, kuma ba zan ce muku babu komai ba.

Ƙarshen azumin da ya biyo bayan sa hannunta, ran ashirin da tara, na gama kayan mutane tun azahar kamar kullum. Kafin in fita ya miƙo mini wata 'yar na'ura irin ta kasuwa, ya ce in tambaye ta gobe wace rana ce. Na danna inda ya nuna. Ta rubuto cewa ba a sani ba tukuna, ana jiran wata. Na daɗe ina kallon rubutun. A rayuwata ban taɓa ganin na'ura ta ce ba ta sani ba.

Muka tafi bakin dogo tare. Yamma ta yi wasai, yara suna nuna sama suna cewa ga shi can, ga shi can bisa ƙatuwar tsamiya. Na bi yatsunsu har idona ya yi ruwa. Gaskiyar da ban taɓa ɓoye wa kowa ba ita ce, duk shekarun da na yi ina zuwa wurin nan ban taɓa riga kowa gani ba, yanzu kuwa ko an nuna mini ba na kama shi. Auta ya ce in yarda ya shigar wa na'urar cewa an ga wata. Na ce a'a, a jira sanarwa. Muka jira a ƙofar shago har rediyon Ɗan'ige ya faɗa, sannan ya shigar, na'urar ta ce gobe ɗaya ga Shawwal, gani ne.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ya yi dariya, ashe ya daɗe da ba ta labarina.

"Matar Kamfani ce, Baba. Wai in tambaye ka, ka ga watan?"

Na so in ce e, don kada in ba ta kunya bayan duk wahalar da muka ba ta. Amma na san irinta, sai ta sake tambaya.

"Gaya mata ban gani ba," na ce. "Amma an gani."